Karsanata tana tunkuyin awakin da ta sha nononsu, me zan yi?

Maman 'Yan Biyu, Mista Ali

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san halin shanu, don ni awaki na sani, kuma abin da ke faruwa a bayan gidana ya soma fin ƙarfina.

Muna zaune a bayan Mista Ali, kan hanyar Zariya. Akwai ɗan fili a bayan gida da muka zagaye da bulo, muka yi rumfar kwano a gefe guda. Awaki bakwai nake tatsa: uku jajayen Sakkwato, huɗu kuma ruwa biyu, iyayensu mata na gida, ubansu farin bunsurun Turai irin mai nono. Bayan asuba nake tatsa, in tafasa, in zuba wa yara nasu, sauran in kwantar. Maƙwabta na saye, musamman masu tsoho a gida da masu yaron da aka yaye. Ba wani babban ciniki ba ne, amma da shi nake sayen dusa da harawa, har in sami na sabulu da na Islamiyya.

Karsanar kuwa ƙanin maigidana ne ya kawo ta a bayan mota tana 'yar kwanaki, uwarta ta mutu bayan haihuwa. Fara ce sol irin Bunaji, baƙin kunne, baƙin hanci, an ce akwai ɗan jinin Turai ta wajen uba. Da nonon awakin nan na raine ta, a kwalba mai bakin roba. Cikin Disamba ne, kun san sanyin Jos, don haka a ɗakin girki take kwana, in lulluɓa mata buhu. Da ta yi ƙwari ta koma cikin awaki, ci tare, kwana tare. Ba ta taɓa zama da wata saniya ba tun da ta zo duniya. Yara suka sa mata suna Gimbiya. Har ta shekara ba mu ga komai ba sai lafiya: ina tatsa za ta zo ta ɗora haɓarta a kafaɗata, 'yan biyuna su kama mata kai suna turawa, ita ma tana turo su, ana dariya.

Yanzu watanta ashirin, ƙahonta ya haura taƙi ɗaya, kuma ga tsini. In na shigo da bokitin dusa ba ta bari in kai kwami. Tun daga ƙofa za ta tare ni, ta cusa kai cikin bokitin, in na janye ta sa goshi ta ingiza ni. Ranar Talata ta matse ni da bango, bokitin ya kife cikin taɓo, na ji ƙahon ya goge ni a haƙarƙari, har yau in na yi dogon numfashi wurin na amsawa. In an zuba abincin kuma sai ta tsaya a tsakiyar kwamin ta gicciye, duk akuyar da ta matso ta kwashe ta da ƙaho ta ƙasan ciki. Wata uku da suka wuce ta ɗaga mini wata ruwa biyu mai ciki ta maka da ƙasa. Kwana kaɗan bayan nan akuyar ta yi ɓari, 'ya'ya biyu, har gashi ya soma fito musu. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don ita ce ta fi ba ta nono tana jaririya.

Akwai kuma ranakun da take tashi kamar ba ita ba. Ta yi ta kuka tun dare, ta ƙi cin abinci, ta riƙa zagaye fili tana neman hawa awaki ta baya. Ku duba girmanta, ku duba akuya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai abin ya lafa, sai kuma wani lokaci ya dawo.

Na gwada ɗaure ta a turke, ta tumɓuke shi. Na kai ta ɗaya gefen gidan inda ba ta ganin awaki, ta kwana tana kuka, su ma suna amsa mata, maƙwabta ba su runtsa ba. Nonon da nake samu ya ragu sosai, don awakin ba sa ci a natse, har sun soma ramewa ta ƙugu.

Maigida ya ce a kai ta Kara, kasuwar shanu, a sayar a huta. Ni kuma burina in ga ta haihu in tatse ta, kuma hannuna ne ya raine ta. Shin a yanke ƙahon? A huda mata hanci a sa igiya irin na shanun noma? Ko akwai wata dabara da za ta zauna da awakin lafiya? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Kara, Bukuru

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar miki da alheri.

Ni gaskiya ina bayan maigida. Sana'ata ke nan, kullum ina cikin shanu, kuma na sha ganin irin wannan. Dabbar da aka raina a hannu ta fi ta daji haɗari, don ta daji tana tsoron mutum, wannan kuwa ba ta ɗauke ki bakin komai ba. Yau haƙarƙari ne, gobe fa in ɗaya daga cikin 'yan biyun ne ya shiga shi kaɗai? Tsayin yaro daidai da tsinin ƙaho yake.

Ki yi lissafi ma. Abin da take ci a rana zai riƙe awaki da yawa, ga ɓari, ga nono ya ragu, ita kuma ko ta ɗauki ciki gobe sai kin jira wata tara da 'yan kwanaki kafin ki ga ɗigon nononta. Karsana fara mai jinin Turai ba ta kwantai, masu kiwo suna nema. In ba ki gaggawa ki ƙara mata jiki zuwa Disamba, lokacin kasuwa na tashi a nan saboda Kirsimeti da bukukuwa. Kuɗin ki ƙara awaki biyu ko uku, ki gyara rumfa. Sai dai in za ki sayar, ki faɗa wa mai saye halinta, kar ta je ta raunata wani.

Tsohon Makiyayi, Anguwar Rogo

'Yata, sannu da jiki. Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. A ruga aka haife ni wajen Toro, na bi shanu har ƙafata ta gaza, shi ya sa zan sa baki.

Karsanarki ba mugunta gare ta ba. Ba ta da uwa ne, kuma ba ina nufin nono ba. A garke, maraƙa tana tasowa ƙarƙashin manya. In ta matso kusa da wata babbar saniya tana cin kanwa, za a nuna mata ƙaho sau ɗaya, ta ja da baya, ta san matsayinta. Kowace saniya a garke ta san wadda za ta kauce wa da wadda za ta kauce mata. Taki ta tashi a inda duk wanda ta tura sai ya matsa. Awaki sun matsa, yara sun matsa, yanzu ta gwada ki, ke ma kin matsa. A wurinta ita ce babbar garke, kuma abin da take yi a bakin kwami shi ne aikin babbar garke.

Wasan tura kai da yaran suke yi da ita, a daina shi yau. Mu ba ma taɓa goshin maraƙi ko tsakanin ƙahonninsa, don da nan suke gwada ƙarfi a tsakaninsu. In kina son ta ji daɗin hannunki, ki sosa mata ƙasan wuya, da bayan tozo, da gindin wutsiya inda kaska ke maƙalewa. Za ki ga ta miƙa wuya ta tsaya cik.

Kar ki ƙara shiga wurinta hannu sake. Sanda ba don duka muke riƙe ta ba, don saniya ta san iyakarta ne. Ki lura da ita tun kafin ta taso: za ta juyo miki da gefen jikinta, ta sunkuyar da kai, ta gantsare baya, wani lokaci ta tona ƙasa da kofato. To a wannan lokacin ake tare ta, ba bayan ta taso ba. Ki ɗaga sandar sama, ki daka mata tsawa da suna, ki taka zuwa gare ta taki ɗaya. In ta ƙi, ki ƙwanƙwasa mata a ƙaho ko bisa hanci, sau ɗaya. Da ta ja da baya ki sauke sandar, magana ta ƙare, kar ki bi ta. Dukan da aka yi bayan abu ya wuce ba ta san dalilinsa ba, sai dai ta riƙe ki a ciki. Kuma kar ki juya mata baya, kar ki tsaya tsakaninta da bango. Amma tun da ta riga ta taɓa ki, farkon kwanakin nan a sami namiji mai ƙarfi ya tsaya kusa.

Maganar igiya. Mu tun maraƙi yana ɗan kwanaki muke ɗaure shi a dangwali safe da yamma, sai ya girma ya san igiya ba abin faɗa ba ce. Taki ta wuce wannan lokacin, amma za ta koya. Turken katako ba zai riƙe ta ba a wannan damina da ƙasa ta jiƙe. Ki ɗaure ta a gindin bishiya ko ƙarfen da aka dasa da siminti, da ragama a kai, ba a wuya ba, igiyar gajera yadda ba za ta harɗe ƙafa ba. Za ta ja, za ta yi tsalle, ƙila ma ta kwanta. Ki tsaya nesa kina kallo. Da ta saki igiyar ta tsaya, sai ki kawo mata abinci a nan. Kullum a nan, kullum lokaci ɗaya.

Huda hanci kuwa na bijiman da ke jan garma ne. Ban taɓa huda wa saniyar tatsa hanci ba.

In da so samu ne, ki ba da ita amana a garke na 'yan watanni. Abin da za ki shekara kina koya mata, tsohuwar saniya ɗaya za ta koya mata a mako guda. Kuma kukan nan da hawan awaki, bijimi take nema, a garke za ta same shi.

Maman 'Yan Biyu, Mista Ali

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi yadda kuka kwatanta haka take yi, ta ba ni gefe ta sunkuyar da kai, ni kuma ina ɗauka ƙaiƙayi take ji. Na hana yara shiga tun daga yau, na sa kwaɗo a ƙofar.

Garke ne nake jin tsoro. Kun san halin da ake ciki na satar shanu, kuma ita ba ta san daji ba, ko titi ba ta taɓa tsallakawa ba. In kuma ta kwaso wata cuta ta kawo wa awaki fa? Malam na Kara, na ji maganarka kuma gaskiya ce, ban kore ta ba.

Malamin Dabbobi, hanyar Vom

Malama, sannu. Baba ya gama magana a kan hali, ni zan taɓa ɓangaren lafiya. Amma kafin komai, haƙarƙarin da ke amsawa in kin ja numfashi, ki je asibiti a duba shi.

Abu na farko, ɓarin nan. Na san kin ga lokacin da ta maka ta da ƙasa, kuma bugu yana iya jawo ɓari. Duk da haka ba na yarda in ɗora ɓari a kan tunkuyi kawai sai an gwada jini, saboda bakkale. Cuta ce da ke sa awaki da shanu ɓari a ƙarshen ciki, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mahaifa ko ruwan haihuwa, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Ke kuma nono kike sayar wa tsofaffi da yara. Tafasawar da kike yi ita ce kariya, kar ki taɓa barinta. Mu a nan Filato mun yi sa'a, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, ana gwada jini a can, kuma can ake yin alluran rigakafin da ake rabawa ƙasar nan, har da na ciwon huhun shanu, da na harbin daji, da na annobar awaki da tumaki mai zuwa da zawo da majina. Ki sa a ɗebi jinin akuyar da na karsanar, in da hali duka garken. Nan gaba in an sake ɓari, ki sa leda a hannu, ki binne komai da zurfi inda kare ba zai tono ba.

Na biyu, kukan da hawan awaki. Ki sami kalanda ki riƙa sa alama. Saniya tana neman barbara duk bayan kwana 21, yakan kama daga 18 zuwa 24, kuma ainihin lokacin bai cika wuce yini ɗaya ba. Ki duba ƙarƙashin wutsiya, za ki ga wurin ya ɗan kumbura, da ruwa mai yauƙi fari tas yana zuba. In alamar kalanda ta faɗo daidai da wannan lissafi, lafiyarta ƙalau, kin kuma san ranakun da za ki kulle ta tun kafin ta fara. In kuwa abin yana zuwa barkatai, ko ya ɗauki kwanaki bai lafa ba, a kira likita ya duba ƙwayayenta, don akwai ƙullutun da ke fitowa a nan ya sa saniya ta riƙa yi kamar bijimi.

Kar ki yi gaggawar kai ta barbara don ta natsu. Ciki zai tsayar da kukan, ba zai cire tunkuyi ba, kuma saniya mai sabon ɗa ta fi kowace zafi. Mu nauyi muke dubawa, ba shekaru ba: ta kai wajen kashi biyu cikin uku na girman da za ta yi. Bunaji ba ta saurin girma kamar ta Turai. In aka ba ƙaramar karsana babban bijimin Turai, ko aka yi mata allurar irinsa, ɗan yakan fi ƙarfin ƙugunta ranar haihuwa. Haihuwar fari, bijimi daidai ita.

Ƙaho. Don Allah kar ki bari wani ya zo da zarto ya ce zai guntule shi daga tushe a gida. Lokacin kashe ƙaho shi ne maraƙi bai wuce wata biyu ba, kafin tsiron ya manne da ƙashin kai. A shekarunta ƙahon yana da rai, da jijiyoyin jini, cikinsa kuma rami ne da ya haɗe da kogon goshi. Yanke shi tiyata ce, sai da allurar kashe zafi, kuma a wannan damina ƙuda zai yi ƙwai a ciki, tsutsa ta shiga. Abin da za a iya yi cikin sauƙi shi ne a rage tsinin, santimita biyu ko uku daga baki inda babu jini, a goge ya dakushe. Wannan zai hana huda ciki. Ba zai hana karaya ba, don dabbar da ta doshi kilo 200 in ta bugi akuya mai kilo 30, ko babu ƙaho an yi ɓarna.

Shi ya sa amsata ga tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a. Kwami ɗaya, rumfa ɗaya, wannan ya ƙare. Su riƙa ganin juna, su ji warin juna, amma da shinge a tsakani.

Garke kuma, na yarda da Baba a kan amfaninsa, na kuma yarda da tsoronki. In za ta je, a yi mata rigakafin ciwon huhu da na harbin daji makonni kafin tafiya. In ta dawo, a ware ta mako uku zuwa huɗu nesa da awaki, a yi mata wankan kaska, a sake gwada jini. Ciwon baki da kofato yana kama shanu da awaki duka, kuma ta haka yake shiga gida.

Ƙarin abu ɗaya ga masu karatu: in dabba mai sanyin hali ta birkice rana ɗaya, tana dalalar da miyau, muryarta ta sauya, kar a sa hannu a bakinta neman ƙashi. Haukan kare yana kama shanu. Na Malama ba shi ba ne, tun da a hankali abin ya taso.

Hajiya Mai Awaki, Rikkos

'Yar'uwa, ni ma na ga irin wannan, sai dai nawa ɗan maraƙi ne da muka yi kiwo don layya. Bari in gaya miki yadda muka raba fili, tun da namu ma ƙarami ne.

Ba bango muka yi ba. Mai walda ya dasa mana bututun ƙarfe uku da siminti, ya gitta wasu guda uku a kwance, ya raba filin biyu. A gefe ɗaya ya bar wata 'yar kafa tsakanin ƙarfe biyu a tsaye, faɗinta bai fi santimita 30 da 'yan kai ba. Akuya ko da ciki tana wucewa, shi kuwa kafaɗarsa ba ta shiga. Ki auna da akuyarki mafi girman ciki kafin a yi walda. Amfaninsa, awaki su ne masu zaɓi: in sun ga dama su je wurinsa, in ya taso su zille ta kafar su bar shi tsaye. Da dare da lokacin ci nakan toshe kafar da falanki. Masu tsohon ciki da masu jego kuwa ba sa tsallakawa sam. Kukan dare ya tsaya tun daren farko, don yana kwanciya jikin ƙarfen, su ma suna kwance ta ɗaya gefen.

Kwaminta ki sa shi jikin shingen yadda za ki zuba daga waje, ba sai kin shiga da bokiti ba. Bokitin nan shi ne rabin rigimar. Ita ki fara ba ta, tana ci ki je ki tatsa a natse. Harawar awaki ki rataye ta sama a raga, sun fi son miƙa wuya, kuma ba sa cin abin da aka taka.

Ki kula da abincin shanu na buhu, wasu ana sa musu uriya, sinadarin nan na takin zamani, ki karanta jikin buhun ko ki tambayi mai shago. 'Yan awaki ƙanana ba sa ɗaukarsa. Dusa ma in akuya ta samu ta yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, kumburin ciki ne. Ganyen dankalin Turawa da ake zubarwa a gonaki yanzu, kar yara su kwaso musu. In nono kike so ya dawo, harawar gyaɗa da kowar wake da ruwa mai tsabta, da dutsen lasa a rataye, za ki ga canji.

Ni ban ce ki sayar ba, ban ce kar ki sayar ba. Amma ki yi shingen ko da za ki sayar a Disamba, don awakin ba za su iya jira ba.

Maman 'Yan Biyu, Mista Ali

Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na je asibiti, ba karaya, tsami ne kawai, alhamdu lillahi.

An yi shingen yadda Hajiya ta kwatanta, kuma maigida da kansa ya tsaya a kan aikin. Da aka gama na buɗe kafar, sai ga jar akuyar nan tsohuwa ta wuce ta je ta tsaya gaban Gimbiya tana tuƙa. Gimbiya ta sunkuyar da kai, akuyar ta juya ta fice, ita kuma ta zo ta tsaya da wuya a kan ƙarfe tana huci. Ba wanda ya ji ciwo. Awakin suna cinye abincinsu tas yanzu, nono ya soma dawowa, ko da yake wadda ta yi ɓarin har yanzu ba ta murmure ba. An ɗebi jininsu, muna jiran sakamako, an kuma rage tsinin ƙahon.

Ragama ce har yanzu ana fama. Ƙanin maigida ke zuwa da yamma ya ɗaure ta a ƙarfen. Da farko har kwanciya ta yi tana birgima, yanzu takan ja kaɗan ta tsaya. Ni ma na shiga da sanda yana tsaye, ta ba ni gefe, na ɗaga na kira sunanta da ƙarfi, ta ja baya. Jikina na rawa amma ban matsa ba. Kalanda kuma na sa alama ta farko ranar Lahadi.

Mun yi shawara da maigida: in jini ya fito lafiya za ta je garke, in ta dawo ba ta sauya ba, Malam na Kara zai gan mu. Akwai wani Bafulatani da ke kawo wa surukata nono shekara da shekaru, rugarsu ba nisa, ana zuwa a babur. Baba, yaushe ya fi dacewa a kai ta, kuma me ake ba mai riƙon?

Tsohon Makiyayi, Anguwar Rogo

Madalla 'yata. Ki bari ruwa ya ɗauke, an girbe gonaki, shanu sun shiga cin kara. Yanzu kaska da kirci sun yi yawa, ita kuma fatarta ba ta saba ba. Ki tambaye shi ko garkensa yana tafiya kudu da rani. In yana tafiya, ta zauna cikin na tatsa da ake bari a gida, kar ta bi masu tafiya, ƙafarta ba za ta kai ba.

Abin da ake bayarwa ba shi da ƙa'ida ɗaya. Wani kanwa da dusa da kuɗin magani yake karɓa, wani kuɗi duk wata. Ku yi magana a gaban Arɗonsu da shaidu biyu, a faɗi wanda zai ɗauki asara in ta ɓata ko ta mutu, a ɗauki hotonta ta kowane gefe. Ranar kai ta a tafi da safe, a sake ta cikin maraƙa da ƙananan karsana tukuna, ba cikin manya ba. Ki aika da ragamarta, ki ce a ci gaba da ɗaure ta lokacin tatsa kusa da shanun da ake tatsa, a riƙa shafa mata hantsa. Ke ma ki riƙa leƙa ta ranar Juma'a da ɗan gishiri a hannu.